Ya ciji yaro a makaranta: Babansa ya ce dorina, Hajiya ta ce a ƙyale mata mijinta

Maman Sadiq: Assalamu alaikum mutanen zauren nan. Don Allah shawara nake nema, a yi haƙuri da tsawon rubutun. Yarona shekararsa huɗu da wata uku, yana aji biyu na nazare. Jiya Antinsu ta kira ni, wai ya gantsara wa wani yaro cizo a damtse har shatin haƙora ya fito, a kan fensirin kala. Karo na uku ke nan a zangon nan. Uwar yaron ta biyo ni har gida bayan magariba. Allah Ya taimake ni mai kawaici ce, amma wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. A gida ma haka muke fama. In ya so abu aka hana shi, sai ya zube ƙasa ya yi ta birgima yana buga ƙeya da siminti. Ranar Asabar a bakin shagon layinmu nan Ƙofar Marusa, a kan biskit ya tara mini jama'a, farar shaddarsa ta koma tsumma, har mai shagon ya miƙa masa kyauta don a huta. Na yi dukan har na gaji. Yanzu in na cire takalmi tsayawa yake yana kallona ido cikin ido, in na gama ya je ya huce a kan ƙanwarsa, jaririya 'yar wata biyar. Babansa ya ce hannuna ne ba ya shiga jikinsa, shi dorina zai sayo. Hajiya kuwa, gida ɗaya muke, da ta jiyo kukansa za ta aiko a kawo mata mijinta, ta ɗora shi a cinya ta ba shi abin da na hana. Na rasa tudun dafawa. Yaron nan lafiyarsa ƙalau kuwa, ko ni ce ban iya tarbiyya ba?

Baban Hafsa: Wa alaikumus salam. Maman Sadiq, maigidanki ya fi ki gaskiya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mu da muka tashi a Ƙofar Sauri, tsumagiyar bedi ce maƙale a bayan ƙyauren zaure, Baba ko gyaran murya ya yi daga waje sai kowa ya shiga taitayinsa. Ga mu nan, ba wanda ya lalace a cikinmu. Ka so naka duniya ta ƙi shi.

Maman 'Yan Biyu: Baban Hafsa, ka karanta kuwa? Cewa ta yi ta yi dukan har ta gaji. Da duka magani ne ai da tuni ya warke.

Baban Hafsa: Dukan uwa ai tausa ce.

Ɗan Ƙofar Soro: Ni tambayata ɗaya ce, wane launi ne fensirin? In ja ne kada a ga laifin yaro, ni ma na yi dambe a kansa a aji ɗaya.

Antin Nazare: Kai dai ba ka rabo da shiririta. Maman Sadiq, kwantar da hankalinki. Shekarata goma sha ɗaya ina riƙe da ajin 'yan shekara uku zuwa biyar, ban taɓa yin zango ban samu mai cizo ba. Kafin a kai ga maganar dorina ki amsa mini: ƙarfe nawa yake barci, ƙarfe nawa yake tashi, yana karyawa kafin ya fito? Ki kuma tambayi Antinsu da wane lokaci yake yin cizon. Ni a ajina in za a yi ɓarna, ko dai dab da fita tara ne da yunwa ta fara cin su, ko wajen tashi da kowa ya gaji. Sannan yaushe abin ya fara, kafin haihuwar ƙanwar ko bayanta?

Maman Sadiq: Anti, gaskiya ba ya barci da wuri. Jiran Babansa yake, shi kuma in ya rufe shago sai ya tsaya majalisa, wajen goma da rabi yake shigowa. Kafin nan wayata nake ba shi ya kalli katun don in samu in ji da jaririyar. Sha ɗaya dai ya yi barci. Shida da rabi nake tashinsa saboda mai napep bakwai da kwata yake zuwa. Koko kuwa sai ya ga dama, wata rana kurɓa biyu. Rigima dama yana da ita tun yana ƙarami, amma cizon bayan suna ya fara.

Sista Maman Nana: To ai kin ba da rabin amsar da kanki. Lissafa ki gani, awa bakwai da rabi yake samu. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin da ta fitar a 2019, ta ce ɗan shekara uku zuwa huɗu yana buƙatar barcin awa 10 zuwa 13, in an haɗa na dare da na rana, kallon waya ko talabijin kuma kada ya wuce awa ɗaya. Babba in bai yi barci ba hamma yake yi. Yaro kuwa ƙiriniya yake ƙarawa, ya yi ta zabura kamar an sa masa sabon batir, shi ya sa iyaye ba sa gane barci ne ke cinsa. Ki kuma lura da abu biyu. Yana jin kira in kin yi magana a hankali daga bayansa? Bakinsa ya buɗe sosai, baƙo yana gane maganarsa? Yaron da ciwon kunne ya rage wa ji, ko wanda magana ta yi wa nauyi, sau da yawa da haƙori yake kai ƙara. In kin ga alama ki kai shi a duba, ga asibitin mata da yara na Turai 'Yar'aduwa, ga asibitin koyarwa na tarayya, duk a nan Katsina.

Maman Sadiq: Surutu kam kamar aku, Sista. Kunne ma ƙalau, in an buɗe ledar biskit a ɗakin Hajiya daga bayi zai jiyo.

Ummu Fadila: Sista ta riga ni. Bari in ɗora, don darasin nan nake koyarwa a kwalejin ilimi, kuma ina da nawa sarkin rigimar a gida, kada a ce daga takarda kawai nake magana. Abin da Sadiq bai gama samu ba shi ne kamun kai: ya so abu ya iya jira, ransa ya ɓaci ya iya riƙe hannunsa, a ce masa bari ya tuna an ce bari bayan an juya baya. Ba a haihuwar yaro da wannan. Ɓangaren ƙwaƙwalwa da ke bayan goshi shi ne linzamin mutum, tsakanin shekara uku da biyar yake saurin ginuwa, kuma ba ya gama ƙwari sai an haura ashirin. Kafin nan babba ne ke riƙe wa yaro linzamin, yana sakar masa kaɗan-kaɗan. Dawakin kuma ba ɗaya ba ne. Wani tun yana zanin goyo za ki ga mai sanyi ne, wani da wutarsa ya zo. Don haka ki daina cewa ke ce ba ki iya ba. Sai dai mai wutar shi ya fi jin jiki in riƙon ya karkace.

A shekarun 1960 wata masaniyar halayyar ɗan'adam a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, Diana Baumrind, ta lura da yara 'yan nazare da yadda iyayensu ke tafiyar da su. Ta ga akwai gidan da doka ce zalla, yi don na ce ka yi, ba bayani ba jan jiki. Akwai gidan da so ne zalla, yaro ne sarki, ba a ce masa a'a. Akwai kuma gidan da doka take tsaye ba ta motsi, amma ana jan yaro a jiki, ana faɗa masa dalili, ana sauraren kukansa ko da ba za a biya masa buƙatar ba. 'Ya'yan gida na ukun nan su ta samu sun fi natsuwa da dogaro da kai. A 1983 wasu masana biyu, Maccoby da Martin, suka ƙara na huɗu, gidan ko-in-kula. Shi Sadiq, in na fahimce ki, gida uku yake zagawa a wuni ɗaya. Ɗakinki tsawa da takalmi, ɗakin Hajiya sarauta, Babansa kuma baƙon dare. Wace doka zai riƙe a ciki?

Baban Hafsa: Malama, da girman kujerarki, wannan ai 'ya'yan Turawa aka auna. Su da ɗa ke kai ƙarar ubansa wajen 'yan sanda ne za su koya mana tarbiyya?

Ummu Fadila: Ba ka yi ƙarya ba, gidajen da ta bincika galibi na Turawa ne masu rufin asiri, masana da kansu sun daɗe suna wannan ƙorafin. To ga na kusa da gida. Akwai wani tsohon gwaji da Walter Mischel ya yi a Jami'ar Stanford wajen ƙarshen shekarun 1960: a ajiye wa yaro alawa ɗaya a gabansa, a ce in ya jira har a dawo za a ƙara masa ta biyu, a fita a bar shi shi kaɗai. Wasu masu bincike daga Jamus suka maimaita shi da 'yan shekara huɗu, kashi ɗaya 'ya'yan Jamusawa, ɗaya kashin 'ya'yan manoman ƙabilar Nso da ke arewa maso yammacin Kamaru, su fanke aka ajiye musu. A 2017 sakamakon ya fito. Kusan kashi 70 cikin ɗari na yaran Kamaru sun jira minti goman cif, na Jamus ko kashi 30 ba su kai ba. 'Yan Jamus suna ta mutsu-mutsu da surutai a kan kujera. 'Yan Kamaru suka zauna shiru, wasu har barci ya kwashe su.

Baban Hafsa: Allahu Akbar! To me ya rage? Ku da kanku kun kawo mini hujja.

Ummu Fadila: Tsaya tukuna, kada ka yi azarɓaɓi. Abin da masu binciken suka danganta shi da shi tarbiyyar biyayya ce da girmama na gaba, da koya wa yaro danne zuciya tun yana ƙarami. Wato kunya da kawaici da haƙurin da mu ma muka gada ba abin yarwa ba ne, a nan ina bayanka. Amma ba su ce bulala ce ta yi aikin ba. Shi duka an auna shi daban. A 2016 an tattara binciken shekara hamsin da ya shafi yara sama da 160,000, aka ga waɗanda aka fi duka sun fi faɗa da taurin kai, ba su fi biyayya ba. Wani binciken ya duba ƙasashe shida, ciki har da Kenya da Indiya, aka ga inda duka ya zama ruwan dare illarsa tana ɗan raguwa, amma ba ta ɓacewa.

Ɗan Ƙofar Soro: Malama, ban da wasa yanzu. Ko kuma dai masu taurin kan ne dama aka fi duka?

Ummu Fadila: Ashe kana da tambayar kirki. Duka biyun ne, kowanne na hura wutar ɗayan. Gerald Patterson da abokan aikinsa a jihar Oregon sun yi shekaru suna shiga gidaje suna rubuta yadda rikicin iyaye da yaro ke tashi, kuma abin da suka gani shi ne abin da ya faru a bakin shagon nan. Ya ce biskit, kin ce a'a. Ya yi kuka, kin daka tsawa. Ya zube, kin cire takalmi. Ya ƙara murya, jama'a sun taru, mai shago ya miƙa biskit. Shiru. Me ya koya? Cewa a'arki na da farashi, birgimar minti biyar da takalmi uku. Gobe da kuɗinsa a hannu zai zo. Ke kuma kin koyi cewa sai kin yi ihu yake ji, sai ki riƙa farawa daga ihun.

Maman 'Yan Biyu: Ni magana ɗaya ke ci mini rai, wai ga mu nan ba mu lalace ba. A gidan kawuna na tashi, riƙo. Ba a taɓa kawo ƙarata ba, kowa cewa yake yarinyar nan akwai hankali. Tsoro ne. Har na kai aji huɗu ina fitsarin kwance, in tashi da asuba in wanke tabarmar in shanya a bayan ɗaki kafin matar kawu ta farka. Ranar da na fasa kwalbar manja, tusa fasassun na yi a cikin toka na ce ban gani ba, har da rantsuwa, ina 'yar shekara shida. Dukan bai hana ni ɓarna ba, ƙarya ya koya mini. Yau shekarata talatin da biyar, in maigidana ya ɗaga murya, ko da yaro yake, sai cikina ya juya. Wanda ya gan ni zai ce ban lalace ba.

Antin Nazare: Wallahi irinki su suka fi ba ni tsoro a aji. Mai cizo kowa ya gan shi. Mai shiru a lungu, wanda in na ɗaga hannu zan gyara mayafi sai ya kare kansa, ba mai kawo ƙararsa. A kwaleji an koya mana matsalar gida biyu ce, wadda ke fita waje, faɗa da cizo da ɓarna, da wadda ke komawa ciki, tsoro da ƙunci da rashin magana. Bara na leƙa wata 'yar ajina tana wasa da 'yartsana. Ta kwantar da ita, ta ɗauki rula tana zabga mata, tana cewa "Ba na hana ki ba? Yi mini shiru, haɗiye kukan!" Da muryar manya, har da riƙe ƙugu. Ban taɓa taka gidansu ba, amma ranar na ga tsakar gidansu.

Baban Hafsa: Allah Ya ba ki haƙuri Maman 'Yan Biyu, wannan zalunci ne, ba horo ba. Amma addini ai bai hana duka ba. Malam yana nan, ya faɗa.

Malam na Rafindadi: Ina biye da ku. Hadisin da ake kafa hujja da shi, na Abu Dawud, cewa ya yi a umarci yara da salla suna 'yan shekara bakwai, a buge su a kanta suna 'yan goma. A duba da kyau. Salla ce fa, ginshiƙin addini, amma aka ba da shekara uku cur ana umarni kafin a ɗaga hannu, malamai kuma suka ce bugun da ba ya raunatawa, ba kuma a fuska ba. To ina ɗan shekara huɗu a kan fensiri? Amma masu sangarta ma kada su yi murna. Umar ɗan Abu Salama yana yaro, hannunsa na yawo a cikin akushi. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai ƙyale shi don yaro ne ba, bai kuma make hannun ba. Ya ce masa: ya kai yaro, ambaci sunan Allah, ka ci da damanka, ka ci abin da ke gabanka. Umar ya ce tun daga ranar haka cin abincinsa ya kasance. Da Hasan ya ɗauki dabinon sadaka ya sa a baki, sai da aka sa ya fitar, aka kuma faɗa masa dalili. Jika ne fa, kuma abin so.

Sai wanda ya fi ba ni kunya a matsayina na uba. Abdullahi ɗan Amir ya ce mahaifiyarsa ta kira shi, zo in ba ka, Annabi yana zaune a gidansu. Ya tambaye ta me za ki ba shi, ta ce dabino. Ya ce da ba ki ba shi komai ba, da an rubuta miki ƙarya. Mu kuwa sau nawa a wuni muke cewa yi shiru in sayo maka mota, ga dodo nan, zan kai ka a yi maka allura?

Sista Maman Nana: Wannan ta allurar don Allah a daina, mu ake bari da aiki ranar rigakafi.

Ummu Fadila: Malam, kamar ka san abin da zan kawo. A Jami'ar Rochester an sake gwajin alawar nan, aka wallafa a 2013, amma da dabara. Kafin a zo kan alawa sai a ce wa yaro, jira in ɗauko maka sababbin kayan zane. Rabin yaran aka kawo musu, rabin aka dawo hannu rabbana aka ce a yi haƙuri babu. Da aka ajiye alawa, waɗanda aka cika wa alkawari sun jira wajen minti 12, waɗanda aka saɓa wa wajen minti 3. Yaron da ya saba "anjima" ba ta zuwa, in ya wawuri abin da ke gabansa lissafi ya yi.

Maman Sadiq: Innalillahi. Ni kam kullum sai na ce masa in ya yi shiru gobe za mu je gidan ƙanwata a mota. Ban ma san sau nawa ba.

Jikar Gwaggo daga Daura: Na karanta wa Gwaggo duka, ta ce in rubuta yadda ta faɗa kada in gyara. Ta ce: Ke mai ɗan, ɗiyan zamani dai ba ku da ta ido, ɗan fari kike kama sunansa gatsal a gaban jama'a. To shi ke nan. Yaron nan ba iska gare shi ba, kishi ne. Jiya shi ke bisa bayanki, yau an sauke shi an ɗora wata, kuma duk wanda ya shigo jaririya yake tambaya. Mu da, in an yi wa yaro ƙane girma ake ba shi. Yaya kawo zanen goyo, Yaya riƙe mini kwalbar mai, Yaya kore mata ƙuda. In ya yi a sa mashi albarka a gaban mutane. Kuma ku daina cewa da duka muka yi reno. Ɗiya tara na haifa, sau nawa na ɗauki bulala yatsun hannu ɗaya sun isa ƙirgawa. Harara ta isa, don sun san in na ce a'a, ko Sarkin Daura ya zo ceto a'a ce. Ku kuwa ku yi duka da safe, ku ba da haƙuri da alawa da rana. Maganar kakarsa kuma, kaka ba ta horo, wasa ke tsakaninta da jika, haka aka gada. Amma kakar kirki in uwa ta hana, jira take ƙura ta lafa sannan ta jawo shi. Kada ki kuskura ki yi sa-in-sa da ita. Ɗanta za ki samu, shi ya san ta inda zai shiga.

Ummu Fadila: Gwaggo ta gama mini darasin zango guda a saƙo ɗaya. A gaishe ta da kyau.

Maman Khalifa: Ni dabarar da na yi wa tawa surukar, ban ce ta daina ba shi ba. Da kaina na sayo biskit ɗin na kai mata, na ce Hajiya ke kaɗai yake jin maganarki, ki riƙe, duk ranar da ba a kawo ƙara daga makaranta ba ke za ki ba shi da hannunki. Ta ji an girmama ta. Ta koma ita ce ke tare shi a ƙofa tana tambayar yau me aka yi.

Antin Nazare: Wannan ta yi. Ke kuma Maman Sadiq, in ya zube, ki janye shi daga inda zai ji ciwo, ki durƙusa daidai tsayinsa ki ce, na san ranka ya ɓaci, biskit dai babu sai an ci abinci. Sau ɗaya. Mai birgima ba ya jin wa'azi. In ya sauko ki rungume shi, amma biskit yana nan a babu. In cizo ya yi, a raba shi da wasan nan take, ya zauna gefe kamar minti huɗu, a nuna masa hannun da ya ciza, sannan a sa masa magana a baki: ba ni, nawa ne, Anti kin ga. Ki kuma ɗaura ɗamara, makon farko abin ƙaruwa zai yi. Zai ga kuɗin da ya saba biya bai saya ba, sai ya ƙara tayi. In kika sallama a nan kin koya masa sabon farashi.

Sai wasa. Kun tuna jini-jini da muke yi a dandali? Mai bayarwa ya ce akuya a amsa, ya ce saniya a amsa, ya ce dutse, wanda bakinsa ya kuɓuce ya faɗi. Horon linzamin da Malama ke faɗa ke nan tsantsa. Ɓuya ma haka, yaro ya maƙale bayan randa yana danne dariya kada a gano shi. Waya ta cinye mana duk wannan.

Baban Hafsa: Duk na mata kuke ta lissafawa. Uba fa, ya naɗe hannu?

Malam na Rafindadi: Uba ya shigo gida kafin ɗansa ya yi barci, majalisa ba ta guduwa. Kuma a daina "bari Babanka ya dawo". An mai da mu dodanni, yaro bai san mu da komai ba sai hukunci.

Ɗan Ƙofar Soro: Malam, ka taɓo mu. Daga majalisar nake karanta wannan.

Maman Sadiq: Salam. Yau kwana goma sha biyu da na kawo kukana, na ce bari in dawo da labari kada a ce na ci na goge baki. Barci mun mai da shi takwas da rabi. Daren farko sai da ya yi kukan kusan awa ɗaya yana kiran waya, ni ma na zauna a bakin gado ina nawa hawayen. Anti, gaskiyarki, abin ƙaruwa ya yi. Ranar Laraba har kofi ya jefe ni da shi, kuma ba zan ɓoye ba, ranar na make shi. Washegari na ci gaba daga inda na tsaya. Cizo dai ba a sake kawo ƙara ba, sai wani yaro da ya ture a layin wanke hannu. Sarautar Yaya kuwa ta karɓe shi fiye da yadda na zata. Yanzu ko ni ba na taɓa kwalbar man jaririya sai da izininsa, jiya ma maƙwabciyarmu ya hana ɗaukarta wai ba ta yi sallama ba. Hajiya ta karɓi biskit da murna, ta yi kwana huɗu tana bin ƙa'ida. Rana ta biyar na same su a ɗaki sun raba leda guda, ta ce ai na jiya ne da ya manta bai karɓa ba. Na yi dariya na fito, me zan ce. Babansa sau uku yana shigowa bayan isha'i. Sun yi jini-jini, Sadiq ya ce tukunya, Babansa ya amsa, yaron nan ya yi ta ƙyaƙyatawa har da faɗuwa. Dorinar dai ya riga ya sayo tun washegarin da na yi rubutu, tana nan rataye a ƙusa bayan ƙofa. Sista, ina da tambaya: in ya yi barci bayan la'asar sai ya ƙi na dare, in hana shi ko in bar shi?

Sista Maman Nana: Ki matso da shi bayan azahar, da ya dawo ya ci abinci, kada ya wuce awa ɗaya. Bayan la'asar kam a'a.

Baban Hafsa: Ni har yanzu ina kan bakana, akwai ranar da za a nemi dorinar nan. Amma in ta gaji da rataya a aiko mini da ita shago, awakin layinmu sun ishe ni, jiya sun cinye mini rabin buhun dusa.